Jan Kwalin Malam Ajeru

Babana malamin Turanci ne, amma idan ka tambayi waɗanda suka bi ta hannunsa abin da ya koya musu, abu ɗaya za su fara ce maka: tsayuwa a layi. Yana shiga aji, ya jefa buhunsa a kan tebur, sai ya daka tsawa, "A jeru!" Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace tun ban yi wayo ba. Ɗalibai da iyayensu, mai shagon bakin makaranta, har Mama idan ranta ya ɓaci, kowa Malam Ajeru yake ce masa.

Buhun nan cike yake da kwalaye. Kwalin sabulu ne, kwalin madara ne, duk wanda ya tsinta a bayan shago sai ya kawo gida ya yanka da almakashin Mama, ya rubuta kalma ɗaya ta Turanci, ya huda ya zura igiya. Imaninsa shi ne yaro ba zai gane jimla ba sai ya tsaya a cikinta da ƙafafunsa. Yakan kira yara gaban allo ya rataya wa kowa kalmarsa a wuya. Aikau, wato mai yin aikin, shi ne a farko. Aikatau, kalmar aikin kanta, yana bin sa. Sai karɓau, wanda aikin ya faɗa wa. A can ƙarshe kuma wani bawan Allah da kwali mai ɗigo ɗaya, shi ne aya. Waɗannan idan sun tsaya sun tsaya ke nan, ko da ƙuda zai sauka musu a hanci.

Kwali ɗaya ne ya fita daban. Ja ne, da ragowar fentin ƙofarmu aka shafe shi, kuma babu rubutu a kansa sai abin da Baba ya sa da alli a ranar, ya goge da hannun riga idan an tashi. Wannan na bayanau ne. Ga wanda ya yi barci a darasin nahawu, bayanau shi ne kalmar da ke faɗin yadda aka yi abu, ko yaushe aka yi shi, ko sau nawa. A Turanci kowace kalma da mazauninta, shi kaɗai ne ɗan yawo.

"Bature ya ba wannan ɗan banzan masauki uku," haka Baba yake farawa duk shekara. "Ƙofar gida, tsakar gida, da..." A nan yake cijewa, domin shekarar da ya kama aiki ya ƙarasa da "bayan gida", aji ya kwashe da dariya har sai da Hedimasta ya leƙo. Tun daga nan "ƙarshen layi" yake cewa, yana harare-harare.

Idan alli ya rubuta yesterday, mai jan kwali zai iya tsayawa a gaban kowa, zai iya komawa kusa da aya, duk daidai ne. Idan always ne ko never, tsakiya zai nufa, ya laɓe a gaban aikatau. Amma in aikatau ɗin is ne, sai ya koma bayansa, domin a cewar Baba is dattijo ne, ba a shan gabansa. Slowly kuwa da 'yan'uwansa masu irin wutsiyarsa sun fi son ƙarshe. Baba ba ya faɗa wa yaro inda zai tsaya. Sakin sa yake yi, ya je can ya tsaya, aji su karanta jimlar da ƙarfi su ce "Ya zauna!" ko "Bai zauna ba!", ya sake rugawa wani wurin. Wuri ɗaya ne haramun: tsakanin aikatau da karɓau. Waɗannan biyun saƙale hannu suke yi, kuma an ba su izinin mangare duk bayanau da ya nemi ratsa su. An fasa leɓe a darasin nan ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin ɗalibin Baba ya raba su a jarrabawa ba.

Yadda ake samun jan kwalin shi ne ya raba Baba da sauran malamai. Makon farko na shekara ba ya koyar da komai, kallo yake yi. Yana neman yaron da benci ke cizo, wanda ke fere fensiri har ya ƙare don dai ya sami dalilin zuwa kwandon shara, wanda fitsari ke kama shi a kowane darasi. Irin yaran da malamin lissafi ke karya bulala a kansu. Ranar da ya gama bincikensa sai ya zagaya aji da kwalin a hannu, yana tafiya a hankali kamar mai zaɓen akuya a kasuwa, ya rataya wa wanda ya fi kowa rashin natsuwa. Shekarar nan gaba ɗaya yaron yana da lasisin tashi. Hedimasta ya sha cewa ajin Baba tashar mota ce ba aji ba. Baba kuwa ya ce tasha ma wuri ne da ake zuwa don a isa wani wuri, ya ci gaba da abinsa.

Mu 'yan gida mu ne ɓerayen gwajinsa. Duk darasin da zai kai aji sai ya fara jera mu a tsakar gida da yamma, daidai lokacin da Mama ta fi aiki. Shi ne aikau kullum: ya tsaya a gaba, ya harɗe hannu, ya tura ciki. Mama ce aikatau. Tukunya ce karɓau, kwalinta a rataye a marfi, Mama na rungume da ita. Mama ba ta yi boko mai nisa ba, amma da aka yi mata bayani ta ce wannan ce gaskiya ta farko da ta ji a bakin Bature, wani ya tsaya a gaba da suna, wata ta yi aikin.

Ni ce aya. Tun ina ƙarama idan aka ajiye ni a wuri nan za a dawo a same ni, saboda haka Baba ya ga babu wanda ya dace da ɗigon nan kamar ni. Har yau Aya ake kira na, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin haushin sunan. Mutum ya yi yarinta guda a ƙarshen layi, rana na dukan sa, ba a ko karanta shi da baki.

Jan kwali kuwa na Yayana ne, wanda Mama ta sa wa Mazari saboda jikinsa ba ya daina rawa. Yaya ba ya shiga ɗaki ta ƙofa idan akwai taga. A tsaye yake cin abinci, a guje yake wanka, ko a barci sai an tashi an same shi kansa inda aka bar ƙafarsa. Idan Baba ya rataya masa kwalin nan sai ka ga fuskarsa ta haska. Ya ruga gaba, ya dawo tsakiya, ya zo kusa da ni ya mintsine ni, sannan da gangan ya nemi kutsawa tsakanin Mama da tukunyarta don ya sha ludayi a ka. Baba ya tafa hannu ya ce, "Kun gani? Dokar ke nan!"

Wata yamma Baba ya jera mu: Father, washes, the pot. Mama ta ce a fassara mata. Da aka ce mata ai Baba ne ke wanke tukunya, sai ta dire tukunyar a ƙasa.

"Malam, ko a Turanci ba za a yi wannan ƙaryar a gidana ba. Babu kalmar da ke cewa bai taɓa ba?"

Baba ya yi ta ƙunƙuni, amma malami ne, ba ya iya barin tambaya babu amsa. Ya rubuta never a jan kwali. Yaya ya yi tsalle ya dira tsakaninsa da Mama, ƙirji a waje.

"Yauwa," in ji Mama. "Yanzu Turanci ya zauna."

Saboda haka shekarar da Yaya ya isa ajin Baba, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai sami kwalin. Makaranta duka ta sani. Malamin lissafi da kansa ya taya Baba murna, ya ce hannunsa zai huta. Yaya ya sa Mama ta goge masa riga, ya wanke wuya har da sabulu, abin da ba a taɓa gani ba. Ni ina ajin ƙasa, amma ranar na sulale na maƙale a tagar ajinsu tare da wasu 'yan kallo.

Baba ya ɗauko kwalin ya fara zagayensa. Ya zo kan Yaya, wanda gwiwoyinsa ke buga ƙasan tebur don ɗoki. Ya tsaya. Yaya ya miƙa wuya. Sai Baba ya wuce, ya rataya wa wani yaro da ke bayansa, wanda iyakar laifinsa a duniya kaɗa ƙafa. Baba ya dawo ya kama hannun Yaya, ya kai shi wani ɗan lungu tsakanin bango da kabad ɗin littattafai, ya ajiye masa kujera ya ce, "Nan ne wurinka. Ba za a ce Malam Ajeru ya fifita ɗansa ba."

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Yaya ya zauna. Bai motsa ba har aka gama darasi, yana kallon mai kaɗa ƙafa yana laluben inda zai tsaya da often kamar baƙo a tasha. Na so in yi kuka, kuma na yi. Da aka buga ƙararrawar hutun ƙarfe tara Yaya ya tashi ya fita ta ƙofa kamar kowa, ya bi ta gefena bai gan ni ba, ya miƙe titi.

"Zai dawo idan yunwa ta kama shi," in ji Baba.

Ya dawo kuwa, ya ci abinci, ya kwanta. Makaranta ce bai koma ba. An yi duka, an yi lallashi, an kira kawunnai sun yi ta surutu sun sha shayinmu sun tafi. Yaya ya liƙe wa wani direba a garejin manyan motoci, yana wanke gilashi, yana sa dutse a bayan taya. Daga ranar kuma bai sake cewa Baba ba. "Malam" yake ce masa, da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Shekaru suka yi ta tafiya. Yaya ya zama direban tirela, yana bin hanyoyin da ko sunan garuruwansu ba mu iya faɗa. Yakan zo gida, ba a ce ba ya zuwa ba, amma ga yadda zuwan yake. Za ka ji tagogi sun fara rawa, ka san ya faka a ƙofar gida. Ba ya kashe mota. Ya shigo ya durƙusa wa Mama, ya ajiye mata tsaraba, ya ja mini kunne, sannan ya tsaya a bakin ƙofar falo ya ce, "Malam, an wuni lafiya?" Baba ya ce, "Lafiya lau, direba." Inji na ta gurnani a waje, maƙwabta na tsinuwa saboda hayaƙi. Kafin ruwan da Mama ta ɗora ya tafasa ya tafi. Mama ta ce ta haifi ɗan da ake gani kamar walƙiya, ni kuwa na ce har walƙiya takan kawo ruwa.

Baba ya ci gaba da raba jan kwalinsa har ya yi ritaya, kuma garin ya cika da tsofaffin bayanau. Ba a tafiya da shi a titi a huta. Kwandasta na lilo a ƙofar bas zai ƙwala ihu, "Malam! Ni ne Yesterday!" Ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa zai tsayar da motocin duniya don Malam ya tsallaka. Mai tallar gilashin ido, mai kai saƙo a babur, wata nas da ba ta taɓa zama a kujerar ofishinta ba, duk 'ya'yan jan kwali ne. Baba yana amsa gaisuwarsu da fara'a, amma na lura idan sun wuce yakan bi su da kallo.

Ni kuwa, kamar yadda kowa zai iya tsammani, na sami aikin zama. Ina ba da kati a tagar asibiti. Kujera ɗaya, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka. In tashi in koma gida, in zauna da tsofaffi. Ofis ne dai, har da hatimi, amma ban taɓa jin Baba ya yi wa wani alfahari da shi ba.

Ritaya ta tona asirin Baba. Ashe duk rashin natsuwar da ke gidan nan daga wurinsa aka gado ta. Mutumin da ya saba zagaye aji sai ya koma zagaye Mama. Ya buɗe tukunya, ya gyara zaman tsintsiya, ya leƙa titi, ya dawo ya sake buɗe tukunyar. Gwaggo, yayarsa, da ta zo ta gan shi sai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce yana yaro da zani ake ɗaure ƙafarsa a jikin gado kafin a samu a yi shara, kuma ya zaɓi malanta ne kawai don malami ne kaɗai aka yarda ya yi yawo a cikin aji.

Sai ga ciwo ya zo ya yi masa abin da zani ya kasa. Ya faɗi wata safiya a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin magana. Baki ya dawo, don babu ciwon da ya isa ya rufe bakin Malam Ajeru, amma ƙafa ta ƙi. Nas ɗin nan, tsohuwar bayanau, ita ta kawo mana keken guragu da kanta, ta ce, "Malam, yau kai ma ka zama aya." Ya ce ta fita masa daga gida, ta fita tana dariya, a waje kuma na gan ta tana share ido.

Wahalar ita ce ɗagawa. Baba mutum ne mai jiki, Mama ta tsufa, ni kuma ya rantse ba zan kai shi wanka ba ko da zai ruɓe. Muka riƙa roƙon maƙwabta, yau wannan gobe wancan, har suka fara canza hanya idan sun hango ni. Yaya ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi, direba." Mota na kunne. Na bi shi waje na zazzaga masa abin da ke bakina, ya saurara har na gama, ya ce lodi na jiran sa.

Wata rana Baba ya sa na sauko masa da buhun daga kan kabad. Ya yi ta tona da hannu ɗaya har ya ciro jan kwalin. Fentin ya koɗe, gefe ya lanƙwashe, igiyar ta yi baƙi da gumin wuyan yaran mutane.

"Aya," ya ce, "kin san me ya sa na hana shi?"

"Don kada a ce ka fifita ɗanka. Duk garin nan an haddace."

"Ƙarya na yi." Ya juya kwalin. "Na duba ne na ga duk wanda na rataya wa abin nan a titi yake ƙarewa. Kwandasta, ɗan talla, ɗan aike. Sai na ce kwalin ne ke kai su. Na ce nawa ba zai bi su ba, nawa a ofis zai zauna, da fanka a kansa."

Na dube shi, malamin da ya yi rayuwarsa yana koya wa yara tunani, ya zauna ya yarda cewa kwalin sabulu ne ke raba wa mutane sana'a.

"To ai ga shi nan, Baba," na ce. "Waɗanda ka ba suna kwana a gidajensu. Wanda ka hana shi ne ya fi su nisa. Ofis da fanka kuwa akwai mai su a gidan nan, in ka duba da kyau."

Bai ji ƙarshen maganar ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya ce zai buɗe darasi a tsakar gida ga yaran maƙwabta, kyauta. Na tara masa su. Ya yi mako yana kallon su kamar yadda ya saba, ya ƙare da tsaki. Yaran yanzu, in ji shi, duk ayoyi ne, a ba su waya su zauna har gemu ya fito musu. Babu ko ɗaya da ya cancanci jan kwali.

"Ki gaya wa wancan direban," ya ce yana kallon bango, "idan hanya ta biyo da shi, jimlata ba ta da bayanau."

Na kira Yaya na faɗa masa kalma da kalma. Ina jin iska da ƙarar hanya ta cikin wayar. Ya ce, "Sai yanzu?" Na ce, "Haka dai ya ce." Ya kashe waya. Ban gaya wa Baba yadda muka yi ba, amma kullum da yamma sai ya sa a tura kekensa tsakar gida, a jera yara, kwalin yana kan cinyarsa, kunnensa yana titi. Kowace babbar mota ta wuce sai ya rasa inda yake a darasi.

Ranar da tagogi suka fara rawa, Baba ya daka tsawar da ban ji irinta ba tun kafin ya faɗi. "A jeru!" Ya kori yaran gefe su zama 'yan aji. Ya sa na rataya masa Father, na rataya wa Mama washes a kan kujerarta, na ɗora mata tukunya a cinya. Na ɗauki ɗigona na tafi ƙarshen layi, ga ni mace har furfura ta fara leƙo mini.

Yaya ya shigo. A hasken yamma na ga abin da gaisuwar tsaye ba ta bari in gani ba: ya yi tumbi, gemunsa ya yi fari-fari, kuma yana dafa ƙugu idan zai taka. Ya durƙusa wa Mama. Ya juya ya ce, "Malam, an wuni..."

Baba ya miƙa masa kwalin. Babu abin da aka rubuta a kansa.

"Ka makara," in ji Baba. "An fara darasi."

Yaya ya daɗe yana kallon abin. Inji na gurnani a waje. Na ce a raina idan ya juya ya fita, wallahi da tukunyar nan zan bi shi. Sai ya sunkuya, don Baba ba zai iya miƙewa ba, ya kawo wuyansa. Igiyar da aka yi don wuyan yaro ta maƙale masa a kunne, sai da Mama ta ja ta da ƙarfi.

"Me za a rubuta?" in ji Yaya.

"Wanda na sani," in ji Mama. "Har yau bai wanke ba."

Baba ya rubuta never da alli, a karkace. Yaya ya tafi gaban layi yana ɗingishi, yara suka karanta, Baba ya girgiza musu kai, suka yi ihu, "Bai zauna ba!" Ya zo ya nemi cusa tumbinsa tsakanin Mama da tukunya, ta lalubo ludayi ta sauke masa a ka, ƙwal, har wani yaro ya faɗi don dariya. Sannan ya je ya tsaya tsakanin Baba da Mama. "Ya zauna!" Baba bai tafa ba, hannu ɗaya gare shi. Cinyarsa ya yi ta bugawa, yana kallon ƙasa, yana cewa, "Dokar ke nan, dokar ke nan."

Na ɗauka an gama, zai cire ya ajiye ya ce lodi na jira. Ya cire kuwa. Amma sai ya taho ƙarshen layi inda nake, ya zare ɗigon daga wuyana, ya rataya mini jan kwalin, ya sa nawa a nasa wuyan.

"Kai, direba," in ji Baba, "ba a haka. Bayanau ba ya zama aya."

"Na yi yawon da ya ishe ni," in ji Yaya. "Bayana ma ya ƙi." Ya dube ni. "Ke kuma kin tsaya ya isa. Je ki kashe mini mota. Makullin na dama da sitiyari, ki murɗa baya."

Na fita da jan kwali a wuya, yaran unguwa na kallo na. Ban taɓa hawa tirela ba. Na tattare zani na kama ƙarfe na haye da ƙyar, na zauna a kujerar da ta lotsa da siffar jikinsa. Ashe daga can sama ana hango bayan katangarmu, da rufin asibitin da nake aiki, da titi ya miƙe har inda ido ya gaza. Kujerar na rawa a ƙarƙashina. Na ɗora hannu a kan makullin, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ɗan jima ban murɗa ba, don daɗin wurin nake ji.

Da na murɗa, unguwa ta yi shiru har kunnena ya yi ƙara. Ta kan katanga na ji Mama tana korar yara, na ji ƙarar keken ana tura shi wajen banɗaki. Sai muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Baba, kama wuyana da hannun mai lafiyar. Kama sosai, zan ɗaga ka."